Wayar Taka Ce, Makullin Fa?

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a Kano ya san yadda abin yake. Za ka miƙa ta ta saman 'yar kantar gilashi, mai gyara ya jujjuya ta, ya danna maɓallin gefe, yana sauraron bayaninka da kunne ɗaya saboda wasu na tsaye a bayanka da tasu matsalar. Daga nan sai ya yago farin salatif ya manna a bayan wayar, ya rubuta sunanka da biro, ya ɗago kai ya ce, "Oga, lambar fa?" Idan da zane kake buɗe ta, sai ya ɗiɗɗiga ɗigo tara a kan salatif ɗin ya miƙo maka biron. Ka zana masa. Ya jefa wayar cikin durowa inda sauran suke jibge, kowacce da makullinta manne a bayanta, ya ce ka dawo bayan La'asar.

Na sha ganin ana ja-in-ja da mai gyara a kan naira ɗari biyar ta kuɗin aiki, amma ban taɓa ganin wanda ya tambayi dalilin karɓar lambarsa ta sirri alhali ramin caji kawai za a canza ba. Abin yana damuna ƙwarai. Idan ana maganar tsaron waya, hankalin mutane yakan tafi kan wasu gwanayen kutse da ke zaune a wata ƙasa mai nisa. Suna nan kam, sai dai a iya abin da na gani a unguwa da cikin dangi, yawancin asirin da ya fita daga waya a hannu aka miƙa shi: a shagon gyara, a wurin mai caji, a wurin mai turi, ko a hannun yaron da ya haɗa wa mutum wayar ranar da ya saye ta. Abin da ke kai mu waɗannan wurare kuwa sau da yawa ƙaramar matsalar manhaja ce, wadda da mun fahimce ta da ba mu bar gida ba.

A watan Agustan 2001 ne Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, a lokacin da layukan NITEL na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Waɗanda suka riski zamanin za su tuna ana sayen layi sama da naira dubu ashirin, ana kira a naira hamsin duk minti, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Wayar wancan lokacin, irin su Nokia 3310, in ta ɓace abin da ka rasa sunaye ne da 'yan saƙonni. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma abin da ke cikin waya ya sauya gaba ɗaya. Kakanninmu mata suna da adaka, a ciki suke ajiye ɗan kunnen zinare da takardar gona da kuɗin adashi, makullinta kuma ɗaure yake a bakin zane, ko barci ba a rabuwa da shi. Wayar yau ita ce adakar nan. Asusun banki na ciki, hoton katin ɗan ƙasa na ciki, da hirar miji da mata, da sakamakon gwajin asibiti, da saƙon muryar da aka tura wa ƙawa ana kuka.

Ƙorafin da aka fi kai wa masu gyara, in aka cire fasasshen gilashi da matsalar caji, shi ne "tana maƙalewa", "tana zafi", "ta ce ta cika". Yana da kyau mutum ya san cewa waya na da wurin ajiya iri biyu. Akwai ma'ajiya, wadda ake rubuta girmanta a jikin kwali, gig 32 ko 64 ko 128, inda hotuna da bidiyo da manhajoji ke zama. Akwai kuma ram, inda wayar ke ɗora abin da take aiki da shi a daidai wannan lokacin, kuma a wayoyi masu sauƙin kuɗi bai cika wuce gig 2 ko 3 ba. Tun kafin ka buɗe kwalin, babbar manhajar Android da tarkacen da kamfani ya cusa sun riga sun cinye wani babban kaso na ma'ajiyar. Sauran kuma WhatsApp ne ke lashe shi. Kana cikin zauren dangi, da na tsofaffin ɗalibai, da na masallaci, da na unguwa. Bidiyon wa'azi guda zai shigo maka ta zaure huɗu, hotunan barka da Juma'a su yi ta sauka, wayar tana ajiye kowanne ba tare da ta tambaye ka ba. Idan ma'ajiya ta kusa cika, komai sai ya yi nauyi. Maganin yana cikin saitin WhatsApp ɗin kansa, a sashen ma'ajiya da data: a can za ka hana shi sauke bidiyo da kansa, a can kuma zai jero maka manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, ka goge su. Aikin minti goma ne, ba ya buƙatar kowa ya taɓa wayarka.

Abin da mutane suka fi yi a maimakon haka shi ne sauke wata manhaja mai hoton tsintsiya ko roka, wadda ta yi alkawarin wanke waya da sanyaya batir. Ko kuma suna cikin karanta labari sai allo ya yi ja, a rubuta cewa wayar ta kamu da bairos, a danna nan a cire. Wannan jan allon talla ce, shafin intanet ba shi da hanyar bincika cikin wayarka ya ƙirga bairos. Wanda ya danna shi ne ya jawo wa kansa ainihin cutar, domin daga ranar tallace-tallace za su riƙa faɗo masa ko yana tsakiyar kira, data ta riƙa ƙarewa da wuri, batir ya riƙa zuƙewa. Daga nan sai shagon gyara, inda amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, "Sai an yi mata filashin." Filashin na da ranarsa, idan babbar manhajar ce ta lalace har wayar ta kasa tashi. Amma goge komai da ke cikin waya saboda manhaja ɗaya mai talla ɓarna ce. A shiga jerin manhajoji, a nemo wadda ba a san lokacin da ta shigo ba, wani lokacin ma ba ta da suna ko hoto, a cire ta.

Sai maganar sabuntawa, wadda kusan kowa ke danna mata "sai anjima". Ba na ganin laifin mutane sosai. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, mai gig ɗaya a wayarsa ba zai so ya zuba rabinsa a kan abin da ba zai ga amfaninsa da ido ba. Sai dai sabuntawar nan ita ce hanyar da kamfani ke toshe kafofin da aka gano ɓarayi na bi. Mai hali ya nemi waifai, ko ya yi amfani da garaɓasar datar dare. A nan kuma akwai rashin adalcin da ya kamata a faɗa. Google da Samsung sun yi wa manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24, alkawarin sabuntawa ta shekara bakwai. Wayoyin da talaka ke iya saye da yawansu ba sa wuce shekara biyu ko uku a daina tura musu komai, alhali shi ne zai riƙe tasa har sai ta mutu, sannan ya gyara ta ya ba ƙaninsa. Manhajoji su ma suna tafiya su bar tsohuwar waya a baya. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android ɗin da bai kai na 5 ba. Don haka wanda zai sayi ta hannu, ya duba lambar Android ɗinta da ranar da aka yi mata sabuntawar tsaro ta ƙarshe, kamar yadda yake duba kyamara da batir.

Tsadar data ce kuma ta haifar da sana'ar turi. A kowace unguwa akwai mai kwamfuta da ke zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi da karatu, a haɗa musu da manhajoji, abokai kuma su tura wa juna ta manhajar Xender. Fim ba shi da wata illa ta wannan fuskar. Manhaja ce abin tsoro, domin wadda ta biyo hannu zuwa hannu ba ka san wanda ya buɗe cikinta ya ƙara wani abu ba. Babban misali shi ne GB WhatsApp da ire-irensa, da matasa ke so saboda yana nuna saƙon da aka goge, yana kuma ɓoye cewa ka karanta. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba, kamfanin ma rufe lambobin masu amfani da shi yake yi. WhatsApp na gaskiya tun 2016 yake kulle saƙo ta yadda daga mai turawa sai mai karɓa ke iya karantawa. Wanda ya ɗora na jabu ya miƙa hirarsa, da ta duk wanda ke hira da shi, ga mutanen da bai san sunansu ba. Haka nan idan aka ɗora sabuwar manhaja takan nemi izini: ta ga lambobin mutanenka, ta karanta saƙonninka, ta san inda kake. Da Turanci tambayar ke fitowa, mutum kuma yana sauri, sai ya yi ta danna amincewa. Tambaya ɗaya ta isa a nan: me wannan manhajar za ta yi da abin da take nema? Manhajar tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane. Ta lokutan salla tana iya neman sanin garin da kake, amma ba ruwanta da saƙonnin bankinka.

Wani lokacin ma mai wayar bai yi komai ba. A watan Agustan 2020 wani kamfanin tsaron intanet mai suna Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhajar da ake kira Triada a cikin wayoyi ƙirar Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Da ita suka fito daga kwali, tana shigar da masu wayar cikin tsare-tsaren da ake cirar kuɗi ba da saninsu ba, tana cinye musu data. Transsion, kamfanin ƙasar Sin da ke ƙera Tecno da Itel da Infinix, ya ce daga wani mai kawo masa kayan haɗi matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. Gyaran kuwa ta hanyar sabuntawa yake isa waya. A Najeriya, wanda ya ga katinsa na raguwa ba dalili zai iya danna *305# ya ga tsare-tsaren da aka shigar da shi ya soke su, ya kuma tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla.

Amma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar imel. Wata gwaggona, dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗanta ya aiko mata kuɗi ta sayi babbar waya don su riƙa ganin juna da jikokinta. A shagon da ta saya, wanda ba zan ambata ba, wani yaro ya karɓa ya haɗa mata komai. Bayan wani lokaci ta kira ni ta ce wayarta ta cika da sunayen da ba ta sani ba. Na je na duba, sai ga "Mai Taya 2", ga "Oga Legas", ga sunayen 'yan mata rututu a tsakanin sunayen 'ya'yanta da masu sarin manta.

Na ce, "Gwaggo, wa ya buɗe miki imel ɗin da ke kan wayar nan?"

Ta ce, "Wane irin imel kuma, ɗan nan? Yaron shagon ne ya yi 'yan danne-dannensa, ni dai ya ce in zana alamar da zan iya tunawa."

Ashe yaron bai buɗe mata nata ba, nasa ya saka, wataƙila don ya huta da cike-ciken sabon asusu, kuma da alama ba ita kaɗai ya yi wa haka ba. Wayar Android tana kwafe lambobin da aka ajiye ta kai su asusun Google ɗin da ke kanta. Ke nan sunayen mutanensa sun sauko wayarta, nata kuma sun hau tasa. Da an kunna ajiyar hotuna, da hotunan sunan jikarta da na 'ya'yanta mata a tsakar gida ba lulluɓi suna hannunsa. Da ya ga dama, daga inda yake zai iya ganin unguwar da wayar take a taswira, ya kulle ta, ko ya goge ta ƙaf, domin Google ya ba mai asusun wannan ikon saboda ranar da aka sace waya. Ban ce yaron ya yi niyyar cuta ba, na fi zaton ganganci ne. Mun yi sa'a wayar na aiki, muka cire asusunsa muka buɗe mata nata, muka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda ta saka a inda take ajiye takardun gida.

Da sai bayan an yi wa wayar filashin muka gano, da labarin ya bambanta. Tun daga Android 5.1, wayar da aka goge ba tare da an cire asusun da ke kanta ba, in ta tashi sai ta nemi wannan asusun kafin ta buɗe. An yi haka ne don ɓarawo ya kasa morar abin da ya sata. Amma a wurinmu masu wayar na halak ne suka fi faɗawa ramin, saboda ba su san imel ɗinsu ba. Duk mai karanta wannan da ke da uwa ko uba ko gwaggo mai babbar waya, ya karɓa yau ya duba sunan asusun da ke ciki. In ba nasu ba ne, a canza.

Masu gyaran waya kuwa ina ganin girmansu. Wanda ya shiga kasuwar Farm Centre ya ga yadda matasa ke zaune da madubin ƙara girma da abin hura zafi suna ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya san akwai basira, kuma dubban gidaje ke ci daga wannan sana'a. Mafi yawansu ba su da lokacin leƙa hoton kowa, wasunsu kuma tsoron Allah ba zai bar su ba. Sai dai shago ba mutum ɗaya ba ne. Akwai yaran da ke koyon aiki, akwai abokin da ya zo hira, waya kuma takan kwana. Mutum ɗaya marar amana ya isa ya kashe aure ko ya sa yarinya ta kasa fita unguwa, kuma a al'adarmu idan hoton mace ya fita, ita ake tuhuma kafin a tambayi wanda ya fitar. Canjin batir, da ramin caji, da lasifika, da gilashi, duk ba sa buƙatar a bar lambar sirri. In an gama, mai wayar ya buɗe da hannunsa a gwada a gabansa. In aikin dole sai an buɗe, a tsaya a wurin, ko a kwashe abin da ke ciki tukuna. A cire layi da katin memori kafin a miƙa. Wayoyin Samsung na 'yan shekarun nan suna da wani tsari na musamman don gyara, wanda in ka kunna shi mai gyara zai iya gwada komai ba tare da ya ga hoto ko saƙo ɗaya ba. Ina ganin lokaci ya yi da shugabannin ƙungiyoyin masu gyara za su mayar da wannan ƙa'idar sana'a, su liƙa ta a kowane shago da Hausa. Addinin da yawancinmu ke bi ya hana bin diddigin asirin mutane, Suratul Hujurati ta yi magana a kai ƙarara, kuma hanin bai tsaya a leƙen katanga ba.

Haka abin yake wajen sayar da waya ko musanya ta. Goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba, domin yawancin wayoyi suna da kwandon shara da ke riƙe abin da aka goge na wasu makonni. A fara cire asusun Google, a fita daga manhajar banki da WhatsApp, sannan a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Katin memori kuwa kada a haɗa da shi a cinikin, domin abin da aka goge a kansa ana iya dawo da shi da manhajar da kowane mai kwamfuta ke da ita.

Ƙwacen waya ya addabi Kano har ta kai a watan Mayun 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. An yi asarar rayuka a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, don haka shawarar farko ita ce wadda kowane uba ke ba ɗansa: in an tare ka da makami, ka miƙa. Abin da ya kamata a sani shi ne sau da yawa layin da ke ciki ya fi wayar daraja a wurin ɓarawo. Wayar tana kulle, amma layin ana zare shi a saka a 'yar ƙaramar waya mai madannai, nan take saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa su fara shigowa hannun wani. Shi ya sa za ka ji an sace waya da Magariba, kafin Asuba an kwashe asusu, har an ci bashi da sunan mai ita. Layi ma yana da tasa lambar sirrin, wadda in an kunna ta, duk wayar da aka saka shi sai ta nemi lambar. Mutane ƙalilan ne ke kunnawa. A tambayi kamfanin layin lambar farko kafin a fara, domin in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki. Kowane banki kuma yana da lambar da ake dannawa daga wayar wani a rufe asusu cikin gaggawa. A neme ta tun ana zaune lafiya, a rubuta a takarda tare da lambar IMEI ta wayar, wadda *#06# ke nunawa. Ranar da abin ya faru, banki ake fara rufewa, sai layi, sannan a tafi wurin 'yan sanda.

Akwai kuma satar da ba a taɓa wayar ma. Wani zai kira ka da sallama da ladabi, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na ƙungiyar masallaci, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a saka sunanka. Lambar nan ita ce WhatsApp ke turawa idan ana son ɗora layinka a wata waya. Kana karantawa ya shige, kai ka fita, sai 'yan uwanka su fara samun saƙo da sunanka cewa kana asibiti a taimaka da dubu ashirin. Ba wani taro ko banki ko ofishin tallafi da ke buƙatar lambar da aka turo maka. A cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka zaɓi wata lamba shida taka ta kanka, wadda ko an yaudare ka an karɓi ta farko sai an nemi ita.

Lambobin da ke cikin wayarka ba naka ba ne kai kaɗai, amanar masu su ce. Manhajojin bashi sun koya wa 'yan Najeriya wannan ta hanya mai ciwo. Mutum ya matsu, ya karɓi dubu goma, ya ba manhajar izinin ganin lambobinsa. Ya yi jinkirin kwana biyu, sai surukinsa da limamin unguwarsu da shugabansa a wurin aiki su samu saƙo cewa wane ɓarawo ne, wani lokacin har da hotonsa. Na ga magidancin da irin wannan saƙon ya hana shi zuwa jam'i na wani lokaci saboda kunya. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma tilasta musu rajista. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Waɗanda aka kora sai suka koma tura manhajar tasu ta saƙo da WhatsApp, don haka duk manhajar bashin da aka ce ka sauke ta wata hanya daban, ka san dalilin. Ko Truecaller da muke jin daɗinsa saboda yana nuna sunan mai kira, daga irin sunayen da mutane suka ajiye a wayoyinsu ya tara rumbunsa, abin da ya sa hukumar NITDA ta buɗe bincike a kansa a 2019.

Doka tana nan, kuma ta fi yadda mutane ke zato ƙarfi. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowa haƙƙin sanin abin da kamfani ya tara a kansa da neman a goge. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Wanda kamfanin layinsa ya ƙi sauraron kokensa yana iya kiran NCC kyauta a 622. Matsalar ita ce duk wannan da Turanci ake yin sa, a Abuja da Legas, alhali mai ƙuli-ƙuli a Kano ita ma bayananta ne ake magana a kai. Gidajen rediyonmu da ke da shirye-shiryen lafiya da na noma ya kamata su ware wa wannan fili na dindindin.

Doka ta ɗora mana nauyi mu ma. Tun da gwamnati ta ba da umarnin haɗa layi da lambar NIN a watan Disambar 2020, har aka toshe kiran layuka sama da miliyan 72 a watan Afrilun 2022, kowane layi yana da sunan wani a bayansa. Wanda ya ara wa maƙwabci NIN ɗinsa ya yi rajista, ko ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi, ya sani in aka aikata laifi da layin, mai sunan za a fara nema. Layin da aka daina amfani da shi kuma ba ya zama naka har abada. Bayan watanni ba kira ba saka kati, kamfani na da damar karɓewa ya sayar wa wani, shi kuma sabon mai layin ya riƙa samun alat ɗin bankinka da saƙonnin 'yan uwanka. Wannan ya fi shafar waɗanda suka yi doguwar tafiya, da kuma mamata. Idan aka yi rasuwa, hankalin magada yakan tafi kan gida da gona da mota, layin mamacin kuma yana cikin durowa har wa'adinsa ya cika, alhali asusunsa na banki da na fansho da WhatsApp ɗinsa duk a kansa suke. Cikin magadan a samu mutum ɗaya da zai riƙa saka wa layin kati yana kira da shi lokaci-lokaci, har sai an je banki da takardun gado an kammala abin da ya kamata, an kuma rufe asusun sada zumuntar da ke kansa.